Ƙaramar tarakta a Minesota: sassabe da damina, kwasar ƙanƙara da hunturu

Wani ɗan'uwa da ke zaune kusa da Miniyapolis, a jihar Minesota ta Amurka, ya rubuto cewa ya tara ɗan jari, yana son sayen ƙaramar tarakta da kayan haɗinta. Da damina ya riƙa yi wa mutane sassabe, da hunturu ya kwashe musu dusar ƙanƙara. Tambayarsa: sana'ar za ta fitar da kuɗinta?

Malam, za ta fitar, amma kada ka ɗora lissafinka a kan ƙanƙara. A hunturun 2022 zuwa 2023 an samu inci 90 a garinku, wanda ya biyo baya bai kai inci 30 ba. Wanda ya ci bashi yana jiran a biya shi a kan kowace fita kwasar ƙanƙara, a shekara ta biyun ya sha wuya. Shi ya sa nake so ka nemi kwangilar hunturu gaba ɗaya, kuɗi tsayayye duk wata, ko ta sauka ko ba ta sauka ba. Kuma gidajen su kasance kusa da juna, domin tarakta ba ta da gudu a titi, ɗora ta a tirela da asuba cikin sanyi kuwa cin lokaci ne da mai.

Sassabe shi ne ginshiƙin sana'ar. Injin yankan da ake ja a baya, irin na kamfanin Bush Hog, yana bukatar kamar ƙarfin doki 5 a kan kowace ƙafa ta faɗinsa. Mai faɗin ƙafa 5 ke nan yana son doki 25 a sandar bayan tarakta da ke juya shi, kuma ƙarfin sandar bai kai wanda dila zai faɗa maka na injin taraktar ba. Ka tambaya da kyau. Kafin ka yanka wa kowa farashi, ka taka filin da ƙafarka, don kututture ɗaya ko tsohuwar waya da ta ɓuya a ciyawa tana iya cinye ribar mako.

Kayan haɗi kuwa, fara da uku: bokitin gaba, injin yanka, da faifan ture ƙanƙara. Injin feso ƙanƙara da abin damƙar itace, ka yi hayarsu har sai aiki ya nuna suna bukatar zama naka.

Abin da ba na so ka yi wasa da shi shi ne inshora. In wani ya zame ya karye a wurin da ka share, kai za a nema a kotu. Ka sa kuɗinta cikin farashi tun farko, tare da man dizal na hunturu, domin na yau da kullum yana daskarewa.

In kana gudun kuɗin ruwa, dilolin taraktocin Kubota da John Deere sukan ba da biya kaɗan-kaɗan ba ruwa. Ka nemi farashin kuɗi hannu ma, ka gwada su biyun kafin ka sa hannu.