Kuɗin gyaran gaɓar teku bayan malalar mai: wa ke biya, wa ke karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa gwamnati kan ware kuɗi don gyara gaɓar teku idan ɗanyen mai ya malala, kamar a ƙasar Ogoni. Shin mutanen gari ake raba wa kuɗin? Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba rabawa ake yi ba. Diyya daban, kuɗin gyara daban. Fam miliyan 55 da Shell ya amince ya biya mutanen Bodo, wani gari a ƙasar Ogoni, a 2015, bayan malalar 2008, diyya ce. Shi kuwa kuɗin gyara asusu yake shiga, ba ya fita sai da tsarin aiki da kwangila.

Galibi ma wanda ya ɓata shi ke biya, gwamnati riƙo take yi. A Amurka, bayan fashewar dandamalin haƙar mai na teku mai suna Deepwater Horizon a 2010, dokar 2012 ta tura kashi 80 cikin 100 na tarar gurɓata ruwa zuwa asusun gyaran jihohi biyar na gaɓar Tekun Mexico. A nan gida, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nemi dala biliyan 1 don shekara biyar ta farko a Ogoni, ya ce aikin zai iya kai shekara 25 zuwa 30. HYPREP, hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa don gyaran, ita ce ke gudanar da shi.

Me ke cin kuɗin? Laka. Da farko a toshe inda man ke fita, a kewaye shi da shinge mai yawo bisa ruwa, a kwashe na sama. Wannan mai sauƙi ne. Cikin dajin mangurof (itatuwan da ke tsirowa cikin taɓon bakin teku) kuwa ba a shiga da katafila, don tana karya saiwa, ta kuma danna man cikin taɓo. Ruwa ake turawa a hankali, man ya taso a kwashe. Sai an auna laka an ga man ya ragu kafin a dasa, in ba haka ba dashen ya mutu, kwakwar nipa ta mamaye wurin.

A tudu, ana juya ƙasa a zuba taki don ƙwayoyin halitta su cinye man. Dabarar sama-sama ce, ga shi a Ogoni man ya nutse fiye da mita 5 a wasu wurare. A rijiyoyin Nisisioken Ogale an samu sinadarin benzene mai guba da ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Ɗan kwangilar da ya kankare sama ya rufe da jar ƙasa, damina ɗaya za ta tona asirinsa.

Zariya ba teku, amma tankar mai kan kife a hanyar Kaduna, ruwan sama ya ja man zuwa fadama. In haka ta faru, a sanar da NOSDRA, hukumar kula da malalar mai ta ƙasa, nan take, a ɗauki hoto mai kwanan wata, wakilin gari ya halarci binciken haɗin gwiwa. Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, domin a cikinta ake rubuta sanadin malalar da faɗin wurin da ya lalace.