Amsa: Me LOL da BRB suke nufi a hirar Turanci?

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar haruffan da abokanka ke turo maka. Wanda ya rubuta LOL yana nufin maganar ta ba shi dariya, BRB kuwa "ina zuwa yanzu", IDK "ban sani ba". Saƙon tes ne ya yaɗa su sosai, domin haruffa 160 kawai yake ɗauka, ga wahalar latsa maɓallan tsofaffin wayoyi. Har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da LOL da OMG (furucin mamaki, kamar "wayyo Allah") a 2011.

Amma don Allah ka kiyaye da LOL. Wasu na zaton "ƙauna mai yawa" yake nufi, su saka shi cikin saƙon ta'aziyya, ran masu makoki ya ɓaci. Kada kuma ka yi amfani da su a takardar neman aiki.