Amsa: Fitilun WS2812B suna ƙyaftawa a kan Raspberry Pi

Malam, ka ce fitilu 60 ɗinka na WS2812B (zirin ƙananan fitilun LED masu sauya launi) da ka haɗa da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi suna ƙyaftawa, launi na rikicewa. Ina zargin wutar ce. Kowace fitila kan ja kusan 60mA (miliampiya 60) idan ta yi fari tas, ka ga ampiya 3.6 ke nan, Pi ba zai iya ɗauka ba. Ka samo musu adafta ta 5V daban, amma lallai ka haɗa GND ɗinta (wato wayar negatif) da na Pi. Nan galibi ake mantuwa.

Sannan GPIO18, ƙafar Pi da ke aika wa fitilun sigina, na fitar da 3.3V ne kawai, fitilun kuwa sun fi son siginar 5V. Sa 74AHCT125 a tsakani, wato ɗan guntun da ke ɗaga siginar daga 3.3V zuwa 5V.

Duba kibiyar da ke jikin zirin ma, ita ke nuna inda bayanai ke tafiya: wayar bayanai ta gefen da aka rubuta DIN take shiga. In kana amfani da rpi_ws281x, manhajar sarrafa fitilun, kashe sautin Pi, don PWM ɗaya (sashen Pi da ke samar da siginar) suke rabawa.