Kuɗin hannu da harajin gwamnati: wanda bai bayyana ribarsa ba ya ci haram?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne, ina da rumfa a Suame Magazin nan Kumasi, da yara huɗu masu koyon aiki. Ƙofofi da tagogi da gyaran bodin mota nake yi, kuma kusan kowa a hannu yake biyana, wani lokaci ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Ina biyan kuɗin lasisin majalisar gari, ina fitar da zakka idan ta kai, amma ban taɓa taka ofishin GRA, hukumar tara haraji ta Ghana, ba. Wani abokina ya ce haraji zalunci ne, 'yan siyasa ke cinyewa, kuma zakka ta wadatar. Wani kuma ya ce haram nake ciyar da iyalina. Wanne ne daidai? Daga wani mai karatu a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a sana'a. Ni akanta ne, shekaruna da yawa ina duba littattafan 'yan kasuwa da masu aikin hannu, kuma abin da zan faɗa ta fuskar addini abin da na ɗauka ne a gaban malamai, don haka ka haɗa shi da fatawar malamin da ka amince da shi.

Abokinka na biyu ya yi tsanani. Kuɗin da ka samu da guminka, ka yanka ƙarfe ka haɗa ƙofa mai ita ya karɓa ya biya da yardarsa, halal ne, kuma biyansa a hannu ba ya sauya hukuncinsa. Babu dokar Ghana da ta hana mai sana'a karɓar ladan aikinsa tsaba. Inda magana take shi ne abin da ya biyo bayan karɓar, wato ko akwai wani haƙƙi da ya hau wuyanka a cikin ribar, da kuma abin da kake yi idan an zo tambayarka. Tuwon da yaranka suka ci ba haram ba ne, amma mai yiwuwa akwai bashi a kanka.

Ta fuskar doka maganar ba ta da wani lauje cikin naɗi. Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 41 inda ya jera wajibban ɗan ƙasa, ya ambaci bayyana kuɗin shiga bisa gaskiya ga hukumomin da suka dace da sauke duk harajin da ya hau kan mutum. Dokar harajin kuɗin shiga ta 2015, mai lamba 896, ba ta raba ma'aikacin ofis da mai rumfa ba, kuma ba ta duba ko ta banki kuɗin ya shigo ko ta aljihu. GRA, wadda aka kafa a 2009 bayan haɗe hukumar harajin cikin gida da ta VAT (harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya) da ta kwastam, ita ke karɓa. Kuɗin lasisin da kake biya kuwa na majalisar gari ne, asusu daban, aiki daban. Na taɓa zama da wata hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia wadda ta kwance leda ta zazzage mini tikitocin KMA, majalisar garin Kumasi, na wajen shekara biyu a kan tebur, kowane wata ɗaure da roba, tana cewa duk wanda ya ce ba ta biyan haraji ya zo ya ƙirga. Gaskiyarta, ta biya abin da ta sani, kuma ba ta ɓoye komai ba. Sai dai babu ko tikiti ɗaya a ciki da ya shafi harajin riba, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya bambance mata su.

Yawancin masu sana'a da nake haɗuwa da su tsoron adadin da ba su taɓa lissafawa ba ne yake hana su zuwa. Ba a kan duk kuɗin da ya shigo hannunka ake yanka haraji ba, a kan riba ne, bayan ka cire kuɗin ƙarfe da sandar walda da wuta da hayar rumfa da abin da kake ba yara. A ma'aunin da ya fara aiki a Janairun 2024, sidi 490 na farko a kowane wata babu haraji a kansu, 110 na gaba kashi 5 cikin 100, 130 na bayansu kashi 10, daga nan kuma kashi 17.5 har zuwa kusan sidi 3,900. Mu ɗauka ribarka sidi 2,000 ce a wata. Harajinka zai kama sidi 240 da 'yan kai, kafin a cire rangwamen da doka ta tanada saboda iyali da karatun yara. Wanda ribarsa ba ta wuce 490 ba babu abin da ake binsa. Akwai kuma tsarin da aka sauƙaƙa wa ƙananan masu sana'a da ba su da cikakken littafin lissafi, inda ake biyan ƙayyadajjen kuɗi lokaci zuwa lokaci ko kashi 3 cikin 100 na jimillar ciniki. Waɗannan alƙaluma suna sauyawa da kasafin kuɗi, don haka ka tabbatar da na bana a ofis.

Sai maganar abokinka na farko, wadda ba zan yi watsi da ita ba, domin tana da tushe. Ƙin haraji a ƙasar nan ya girmi kakanninmu. Turawa sun kafa harajin kai a 1852 da alkawarin hanyoyi da makarantu, mutane suka ga kuɗin yana tafiya a albashin ma'aikata, suka ƙi biya, har aka yi wa Osu da ke Accra ruwan wuta a 1854. A 1995 zanga-zangar Kume Preko ta sa gwamnati ta janye VAT, sai a 1998 ya dawo da kashi 10. Ko harajin MoMo da aka soma a Mayun 2022 da kashi 1.5, wanda ya sa mutane da yawa suka koma riƙe tsaba, an rage shi zuwa kashi 1 sannan aka soke shi a 2025. Rahoton babban mai binciken kuɗin gwamnati kuma kowace shekara yana fito da ɓarnar da ke sa mai biya ya ji kamar yana zuba ruwa a kwando. Amma ka lura da yadda aka kayar da harajin 1995 da na MoMo: a fili aka yi, da murya da ƙafa da ƙuri'a. Wanda ya ɓoye ribarsa a ƙarƙashin katifa bai rage wa ɓarawon gwamnati ko pesewa ɗaya ba. Giɓin da ya bari ana cike shi ne daga wanda ba shi da wurin ɓuya, malamin firamare da nas ɗin asibitin Komfo Anokye waɗanda ake yanke nasu kafin albashi ya iso hannunsu, ko kuma a ƙara a kan kayan masarufi, inda mai sayar da koko take biya daidai da mai gidan bene.

A fiƙihu, gaskiya ne an yi kakkausan gargaɗi a kan maksu, wato kuɗin da masu iko suke tatsa daga 'yan kasuwa ba bisa haƙƙi ba, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan Hausa na zamaninsa. Sai dai manyan malamai irin su Gazali da Shaɗibi sun halatta wa shugaba ya ɗora wa masu hali wani abu bayan zakka idan baitulmali ya kasa ɗaukar buƙatar jama'a, da sharaɗin buƙatar ta zama ta gaske, a raba nauyin da adalci, a kuma kashe a inda aka ce. Lokacin da Sarkin Masar Ƙuɗuz ya nemi kuɗin yaƙar Tattar a 1260, malami Izzu ɗan Abdussalam bai hana shi ba, amma ya ce sai sarakunan yaƙi sun fara sayar da zinariyarsu da kayan ƙawarsu kafin a taɓa talaka. Abokinka ya riƙe rabin wannan labari, rabin da ke tuhumar shugabanni, kuma ya yi daidai da ya riƙe. Ɗaya rabin shi ne an yarda jama'a tana da buƙatun da zakka ba ta ɗauka. Zakka ɗaya cikin arba'in ce, ibada ce, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukunin mutane takwas da ake ba. Ba a gina kwalbati da ita, ba a biyan ɗan kwana-kwana da ita ranar da gobara ta tashi a Magazin. Shi ya sa mafi yawan malamai suka ce haraji ba ya tsayawa a madadin zakka, ita ma ba ta sauke shi.

Ra'ayina shi ne, mutumin da yake zaune a ƙasa da aminci, yana riƙe da katin ɗan ƙasa da na inshorar lafiya, yaransa suna sakandare kyauta, ya shiga wani alkawari ko bai furta ba, kuma Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe. Na san akwai malaman da suke sassautawa idan harajin ya zama zalunci bayyananne. Amma ko su ba su halatta ƙarya ba. Akwai tazara mai nisa tsakanin wanda bai sani ba, kamar hajiyar nan, da wanda jami'i ya tsaya a gabansa ya ce nawa kake samu, ya rantse da Allah a kan rabin adadin. Haka wanda yake rubuta rasit biyu, ɗaya na gaskiya ɗaya na nunawa, ko ya cusa wa jami'i wani abu a hannu don ya rage masa, wannan rashawa ce ko da sunan goro aka kira ta. Mafi muni shi ne mai shagon da ya karɓi VAT daga mai saye ya zuba a aljihunsa, domin wannan kuɗin tun farko ba nasa ba ne, amana ce aka ba shi ya isar.

Ba na kiran neman rangwame wayo. Cire kuɗin kayan aiki, neman sassaucin iyali, zaɓen tsarin da ya fi maka sauƙi, duk haƙƙinka ne, kuma wanda ya bar su ya biya fiye da abin da ake binsa bai ƙara lada ba. Idan wani kamfani ya ba ka kwangila ya riƙe wani kaso a matsayin haraji, ka karɓi takardar shaida, domin za a cire shi daga abin da za ka biya a ƙarshen shekara. Na ga masu aikin hannu da yawa da suka yi asarar wannan don ba su san takardar tana da amfani ba.

Abin da zan ba ka shawara ka fara da shi littafi ne na sidi kaɗan, shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita, kowace rana kafin ka rufe rumfa, ko ka sa yaron da ya fi iya rubutu ya riƙe. Bayan wata uku za ka san ribarka ta gaskiya, wadda za ta gyara maka lissafin zakkar ma. Daga nan ka ɗauki Ghana Card, domin tun Afrilun 2021 lambar da ke jikinsa ita ce lambar harajin mutum, ka je ofishin GRA mafi kusa, zai fi kyau tare da shugabannin ƙungiyar sana'arku, ka ce kana so a sa ka a tsarin ƙananan masu sana'a. Game da shekarun baya, kada ka ƙirƙiri adadi kuma kada ka ɓoye cewa kana aiki. Doka tana sassauta tara ga wanda ya kai kansa kafin a gano shi, kuma ana iya neman a rarraba biya. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit na hukuma, ka adana shi da littafin har shekara shida, domin mafi ƙarancin lokacin da doka ta nema ke nan. Bayanin kuɗin shiga na kowace shekara kuma ana miƙa shi kafin ƙarshen Afrilun shekara mai bi mata.