Amsar murya kan jajayen ɗigon hammatar ƙadangare

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da murya, in na ce zan rubuta, yatsa zai gaji. Ƙanena, na ga hoton da ka turo na ƙadangaren nan mai jajayen ɗigo a hammata da gefen wuya, kana tambaya ko kaska ce, kuma mene ne sunanta a kimiyya. To, ba kaska ba ce, amma dai 'yan uwa ne, duk tushensu ɗaya da gizo-gizo da kunama. Wannan dangin sunansa Trombiculidae, Turawa suna ce musu ciga. Af, kada ka haɗa su da jiga mai shiga yatsan ƙafa fa, ita waccan ƙuma ce, sunan ne kawai ya so ya zo ɗaya.

Cigar da kake gani a jikin ƙadangare duk jarirai ne. Babu babba ko ɗaya a cikinsu. Jaririn ƙafa 6 gare shi, kuma kafin ya ci ya ƙoshi bai wuce milimita 0.2 zuwa 0.3 ba. In ya ƙoshi sai ya saki jikin ƙadangaren ya faɗo ƙasa, ya yi ta sauya kama har ya zama babba mai ƙafa 8. Shi babban ba ruwansa da jikin kowa, cikin ƙasa yake zaune yana farautar ƙananan ƙwari da ƙwayayensu.

Kuma ba jini yake sha ba, nan ne mutane ke kuskure. Yana da 'yan wuƙaƙe biyu a baki, ya ɗan tsaga fata, ya zuba yawu. Yawun ya narkar da naman wurin, gefe-gefen ramin kuma ya daskare ya zama wani siririn bututu. Ta nan yake zuƙo narkakken naman, kwana da kwanaki yana maƙale wuri guda.

Yauwa, mu zo kan suna, don nan aikin yake. Ka ga tunda jariran ne ake samu a jikin dabba, manyan kuma suna ɓoye cikin ƙasa, kusan duk rabe-raben dangin nan a kan jikin jariri aka gina shi. Sai a ɗora shi kan gilashi, a sa masa wani ruwan haɗi da ake ce wa Hoyer don jikinsa ya washe, a duba da madubin ƙara girma. A bayansa, daf da kai, akwai wani ɗan faranti kamar garkuwa. Wannan garkuwar ita ce katin shaidarsa. A yawancinsu akwai gashi ɗaya a tsakiyar gaba, ɗaya-ɗaya a kusurwoyi huɗu, sai wasu gashin ji guda biyu a tsakiya. In gashin tsakiyar gaban ya zama biyu, to ka fita wannan reshen dangin ka shiga wani. In babu shi sam, wani reshen ne kuma daban. Su gashin jin nan, wani sirara ne kamar bulala, wani kuma kansu a kumbure kamar kulki. Sai a auna faɗin garkuwar da tazarar da ke tsakanin gashi da gashi, da maikuron fa, wato milimita a raba ta gida 1,000. Daga nan a ƙirga gaɓoɓin ƙafa, 7 ne a kowace ko 6, a ƙirga layukan gashin baya, a duba farcen ɗan hannun da ke gefen baki, tsaginsa biyu ne ko uku. Gashi ɗaya tak, mai reshe ne ko sumul, yana iya raba jinsi da jinsi. Ni dai a ganina, a duk aikin nazarin ƙwari da wuya ka sami mai cin ido kamar wannan.

Saboda haka duk wanda ya kalli hoton waya ya yanka maka sunan jinsi, shaci-faɗi ya yi. A duniya an san sama da jinsi 3,000. Na Afirka kuwa, wani masani ɗan Rasha, Stekolnikov, ya tattara su a 2018, ya ƙirga jinsi 443 a cikin gidaje 61 (gida shi ne rukunin jinsi masu kusanci da juna), bayan ya bi tarin da ke ajiye a gidajen tarihi na Tabuuren a Beljiyam da na Landan. Tun a 1949 wani masani, Lawrence, ya yi aiki kan na Afirka ta Kudu, sai Vercammen-Grandjean da ya yi nasa a Kwango. Cikin gidajen da ake samu a jikin ƙadangarun Afirka akwai Eutrombicula da Herpetacarus.

Wani abu kuma, ba kowane jan ɗigo ne ciga ba. Akwai wani dangin, su Pterygosoma a jikin ƙadangare da Geckobia a jikin tsaka. Su waɗannan ba sa sauka, a ƙarƙashin ɓawon fata suke ƙare rayuwarsu, kuma Pterygosoma faɗinta ya fi tsawonta. In ka ga ƙafa 8 a jikin dabbar, to ba ciga ba ce.

Maganar me ya sa suke taruwa a hammata, wasu ƙadangarun suna da 'yan aljifan fata a wuya, da hammata, da matsematsi. A 1986 wani masani, Arnold, ya kawo ra'ayin cewa aljifan nan tattara cigar suke yi wuri guda don a rage ɓarna. Bauer da abokan aikinsa suka ƙi yarda a 1990, suka ce lanƙwasar fata ce kawai cigar ta samu ta fake. Ni na fi karkata ga na biyun, amma dai musu ne na masana.

Wata 'yar'uwa kuma ta tambaya ko suna sa cuta. Zazzaɓin da aka san ciga da yaɗawa a Asiya ya fi yawa, kuma cigar gidan Leptotrombidium ne ke yaɗa shi, masu bin ɓeraye.

In kana son sunan da gaske, ɗebo 'yan kaɗan da bakin allura a hankali kada bakin cigar ya tsinke, ka zuba cikin sifirit mai kashi 70, ka rubuta irin ƙadangaren, da inda suke a jikinsa, da wuri, da rana. Sai ka saki ƙadangaren ya tafi, ka yi min magana ta gefe. Wassalam.