Shin Akwai Hannun Talaka a Rubuta Tsarin Mulkin Nijeriya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina yawan jin ana kira da a rubuta wa Nijeriya sabon kundin tsarin mulki, wai na 1999 ba jama'a ne suka tsara shi ba. Shin haka ne? Idan kuma za a yi sabo, ta ina irinmu za su sa baki?
Daga wani malamin makaranta, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar tana da tushe. Kundin 1999 ya buɗe da cewa mu al'ummar Nijeriya ne muka tsara wa kanmu shi, amma gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta zartar da shi da Dokar Soja mai lamba 24, bayan kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya saurari jama'a na 'yan makonni a ƙarshen 1998. An yi zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairun 1999, kundin kuwa bai fito ba sai a watan Mayu. Wato mutane sun sha rana a layi sun kaɗa ƙuri'a ba tare da sun ga dokar da za a mulke su da ita ba, kuma wannan ba ƙaramin abin takaici ba ne.

Na 1979 ya fi shan muhawara. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin da Rotimi Williams ya shugabanta, mutum 49 suka yi aikin, babu mace ko ɗaya a cikinsu. An buga daftarin, jaridu suka yi ta tafka mahawara, sannan majalisar tsara kundi ta zauna daga 1977 zuwa 1978, inda batun kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ya sa wakilai Musulmi da dama ficewa daga zauren. Duk da haka sojoji ne suka yi magana ta ƙarshe, har suka cusa dokar mallakar filaye ta 1978 a ciki, kuma tana nan har yau.

A ganina, a nan gizo ke saƙar: sauraron jama'a daban, ba su ikon yanke hukunci daban. Taron ƙasa na 2014 ya tara wakilai 492 ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi, amma ba a aiwatar da rahotonsa ba. A Kenya kuwa jama'a sun yi watsi da daftarin 2005 a ƙuri'ar raba gardama, suka amince da na 2010.

Kundinmu bai tanadi irin wannan ƙuri'a domin gyaransa ba. Sashe na 9 ya bar aikin a hannun kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, tare da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Saboda haka ƙofofinku biyu ne: zaman jin ra'ayin jama'a da kwamitocin gyaran kundi kan yi a shiyyoyi, da kuma ɗan majalisar jiharku, wanda ƙuri'arsa ke da nauyi fiye da yadda ake zato. Ku rubuta buƙatarku da sunan ƙungiyar malamai, ku ambaci sashen da kuke so a gyara. Ga misali da ya shafe ku kai tsaye: sashe na 18 ya yi alkawarin ilimin firamare kyauta kuma dole, amma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika alkawuran da ke babi na biyu, inda sashe na 18 yake.