Amsar tambaya kan tai chi da gwiwar Hajiya

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Malama, na saurari saƙonki na jiya, inda kika ce mahaifiyarki ta haura shekara 70, gwiwa na damun ta, kuma tun da ta zame ta faɗi take tsoron taka ƙasa ita kaɗai, kina tambaya ko yoga, wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi, ko motsin nan da kika ga tsofaffin ƙasar Sin suna yi sannu a hankali zai amfane ta. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Wanda kika gani shi ake kira tai chi. Asalinsa dabarar faɗa ce, amma a shekarar 1956 hukumomin Sin suka fitar da taƙaitaccen salo mai motsi 24 domin kowa ya iya koya. Yana da ɗan'uwa, qigong, wanda ya fi shi sauƙi, domin wani salonsa mai suna Baduanjin motsi 8 ne kacal.

A ganina tai chi ya fi dacewa da Hajiya, kuma dalilin yana cikin yadda ake yin sa. Mutum zai tsaya gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, ya ɗora nauyinsa a kan ƙafa ɗaya, ya miƙa ɗayar gaba har dunduniya ta taɓa ƙasa, sannan ya mayar da nauyin a kanta kaɗan-kaɗan yana jan numfashi cikin natsuwa. A daidai wannan sauyin ƙafar ne tsoho kan yi tangal-tangal ya faɗi, to shi ɗin ake maimaitawa har jiki ya saba, cinya kuma ta yi ƙarfi ta rage wa gwiwa wahala. A wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka yi a jihar Oregon ta Amurka kan tsofaffi 670, waɗanda suka yi tai chi sau biyu a mako na tsawon wata 6 faɗuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta da masu miƙe jijiyoyi kawai.

Ban raina yoga ba. Daga Indiya ya fito, kuma a 2017 wata ƙungiyar likitocin Amurka ta sanya shi cikin abubuwan da ake fara gwadawa kan ciwon baya da ya daɗe, kafin a kai ga shan ƙwaya. Sai dai da yawa daga salonsa na buƙatar durƙuso ko sunkuyar da kai ƙasa, abin da bai dace da mai ciwon gwiwa ko hawan jinin ido ba, sai dai wanda ake yi a zaune kan kujera.

Kafin komai, ki kai ta wurin likita a gano abin da ya kayar da ita, domin jiri, raunin gani, ko wani maganin da take sha duk suna iya jawo hakan, kuma kada ta ajiye maganinta don ta fara motsa jiki. In ya amince, ta fara da minti 10, hannunta ɗaya a kan bayan kujera mai ƙarfi, ba da silifas ba, ke kuma ki tsaya ta gefen ƙafar da ta fi rauni. Idan ta ji suka a gwiwar ko ta ga kumburi, ta dakata a koma wurin likita. Ki gaishe min da ita.